Ba da jikoki ake biyan iyaye ba

Idan aka gama kaka, gero ya shiga rumbu, ƙananan majami'unmu na ƙasar Konni kan ware Lahadi guda domin sujadar godiya. Ana kawo damin gero da wake da gyaɗa, wani ya riƙo kaza, a jera a gaban bagade, sannan a ba jama'a dama su tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da Allah ya yi musu a shekarar. Wanda ya saba zama a irin wannan taro ya san yadda maganar matasan ma'aurata take tafiya. Su fara da gode wa Ubangiji saboda iyayen da suka haife su, su ƙare da roƙon a taya su addu'a Allah ya ba su nasu ƴaƴan. Addu'o'i ne masu kyau, ni ma ina yin su duka biyun, domin ina cikin waɗanda har yanzu suke jiran rabo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda muka ɗaure addu'o'in nan wuri guda, har ya zama a wajen mutane da yawa ɗa bai gode wa iyayensa ba sai ranar da ya ɗora musu jika a cinya. Wannan fahimta ba ta da gindi a cikin Littafi Mai Tsarki. Tana cutar da mata, tana kuma sa mu manta da hakkin tsofaffin da ke zaune a gabanmu yau.

Ni ɗan wani ƙauye ne a karkarar Bazaga. Kiristoci a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba bisa ƙidayar jama'a ta 2012, a yankinmu kuwa ana iya ƙirga gidajenmu da yatsu. Yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, kamar kawunnaina da gwaggonnina da abokan da muka yi kiwo tare muna yara. Ba na jin maganar za ta zame musu baƙuwa, don gida ɗaya muke, kuma zafin rashin haihuwa ba ya tambayar mutum inda yake ibada.

Mahaifina ya karɓi bangaskiyar Almasihu yana saurayi, a lokacin da ya je jinyar wani ɗan'uwansa a asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950. Da ya dawo gida da wannan labari, kakana ya yi fushi ƙwarai. Ya daina cin tuwo da shi a ƙwarya ɗaya, ya daina amsa gaisuwarsa sai da ka. Akwai masu ba mahaifina shawara ya bar garin, ya koma inda ƴan'uwansa masu bi suke da yawa, wajen Maraɗi ko Tsibiri, ya huta da kallon da ake yi masa. Bai tafi ba. Kowace safiya ta damina shi ne na farko a gandun gidan, da hauyarsa a kafaɗa, kuma ba ya taɓa gayaunarsa sai an tashi daga gonar tsoho. Haka aka yi ta tafiya har shekaru suka ja, fushin ya huce da kansa. Da idon kakana ya dushe, ni da kaina na ga mahaifina yana riƙe masa sanda har ƙofar masallaci, ya zauna a gindin bedi yana jira a idar da salla ya mai da shi gida. Idan babbar salla ta matso, shi yake zuwa kasuwa ya sayo masa ragon layya. Wasu daga cikin ƴan majami'a sun yi masa magana a kan haka, ya ce musu umarnin girmama uba da uwa bai zo da sharaɗin sai uban ya bi addinin ɗan ba. Kakana ya rasu yana sa masa albarka, a gaban shaidu.

Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa ba ni labarin wahalarta da bakinta ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira. Gwaggona ce ta faɗa mini yadda aka yi a yunwar 1984, wadda mutanenmu suke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Janar Buhari. Damina ta ƙi, hanyar Illela da Sakkwato da muke samun sauƙin hatsi ta toshe, ni kuma ina goye. Ta sayar da kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare ta shiga daji tana tsinko anza, ta jiƙa ta kwanaki tana sauya ruwa har ɗacin ya fita, ta dafa. Gwaggo ta ce akwai ranakun da ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwan ganye, amma nono bai taɓa yanke mini ba. Ƴaƴan maƙwabta da yawa da aka haifa a shekarata ba su ga damina ta gaba ba. Duk lokacin da na tashi a majami'a na ce na gode wa Allah saboda iyayena, waɗannan abubuwa nake nufi, ba wata kalma mai daɗin ji ba.

To mene ne Littafi ya ɗora a kaina game da su? A cikin dokoki goma da ke littafin Fitowa sura 20, na biyar shi ne girmama uba da uwa, kuma manzo Bulus ya tuna wa mutanen Afisa cewa shi ne umarni na farko da ya zo tare da alkawari. Yesu bai bar wannan umarni a matsayin gaisuwa da durƙuso kawai ba. A Markus sura 7 ya tsauta wa malaman da suka koya wa mutane cewa idan mutum ya keɓe dukiyarsa ga Allah, ya kuɓuta daga ciyar da iyayensa. A ganinsa wannan rushe umarnin Allah ne da sunan ibada. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ƴaƴa da jikoki su fara nuna addininsu a gida ta wurin sāka wa iyayensu, ya kuma yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa. Har a kan gicciye, cikin azaba, Yesu ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta a hannun almajirinsa Yahaya domin ta sami mai riƙe ta. Ban ga wuri ɗaya ba da aka ce sakayyar iyaye ita ce a haifa musu jika. Ko'ina abin da ake magana a kai shi ne ci da sha da sutura da wurin kwana da mutunci. Maƙwabtana Musulmi sun san irin wannan daga Suratul Isra'i, inda aka haɗa bautar Allah da kyautata wa iyaye, aka hana ko nuna musu ƙosawa idan tsufa ya same su.

Wannan magana tana da nauyi a ƙasarmu fiye da wasu wurare, saboda manomi ba shi da fansho. Asusun fansho na masu albashi ne, su kuwa kaɗan ne a cikinmu. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a Bazaga ko Dogarawa ko wani ƙauyen Illela, abin da ya dogara da shi bayan Allah shi ne ɗansa da ya tafi cin rani Najeriya ko Abijan ko Libiya, da ƴarsa da ke aure a wani gari. Mun ga yadda abin yake da rauni bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka tsakanin Konni da Illela ta Najeriya watanni da dama. Kaya suka yi tsada, magani ya yi wuya, aike daga masu cin rani ya ragu, darajar naira kuma ta faɗi har abin da ɗa ya tara a wata uku ba ya cika buhu idan an canza shi zuwa sefa. A wannan lokaci ne aka gane wanda yake tuna iyayensa da gaske. Na san mutanen da suke da bakin ba da shaida a gaban jama'a, suna kuka suna ambaton alherin uwa, alhali rufin ɗakin uwar yana yoyo tun daminar bara. Na kuma san wata mata da ba ta taɓa haihuwa ba, wadda ita ce take wanke surukinta mai shanyewar jiki, tana ba shi fura a baki, yayin da matan ƴan'uwan mijinta masu ƴaƴa biyar-biyar ba sa leƙa ɗakin. Idan aka zo lissafin wanda ya sāka wa wannan tsoho, a gidan ana cewa ita ce ba ta kawo komai ba.

A nan ne maganar ta taɓo ni kai tsaye. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mace guda tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici. A irin wannan ƙasa, matar da ba ta haihu ba tana zaune ne a tsakiyar suna da goyo da wankan jego ta kowane gefe, kuma kowace rana akwai mai tuna mata. Tun ranar ɗaurin aure ake cewa Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Bayan shekara guda a fara duban cikinta. Bayan biyu a fara aiko da saiwoyi da ƙulle-ƙulle. Daga nan sai sunaye su biyo baya, a ce juya, a ce tana cin abincin gida a banza. Mun taɓa zuwa sunan wani ɗan'uwa ni da matata, ana rabon nama, sai wata dattijuwa daga danginmu ta dube ta a gaban mata ta ce, "Ke kuma yaushe za mu ci naki ragon?" Aka yi dariya. Matata ta ce, "Sai yadda Allah ya yi, Gwaggo." Ta ci gaba da wanke-wanke har yamma, da muka dawo gida ta shige ɗaki ta rufe. Ni ba wanda ya tambaye ni komai a wannan taro, ban da yadda gona take.

Ga Kirista akwai wani ƙarin nauyi. Mun yi alkawari a gaban Allah da jama'a cewa mace ɗaya ce har mutuwa ta raba. Ba ina sukar abin da addinin maƙwabtana ya halatta musu ba, ina magana ne a kan abin da mu muka ɗauka da bakinmu. Idan haihuwa ta yi jinkiri, dangi sukan zo da shawarar da suka sani, su ce ka ƙara aure, kuma da kyakkyawar niyya suke faɗa, don suna tsoron gidanka ya mutu. Haihuwa maganin mutuwa, in ji magabata. Tun da ƙofar kishiya a rufe take gare mu, sai matsin ya nemi wata hanya. Wani ya sake matar da wani dalili na daban da kowa ya san ba shi ne ba. Wani ya bar majami'a gaba ɗaya. Wani ya ajiye wata a ɓoye a garin da yake cin rani. Mafi yawa kuma su ci gaba da zama da matar, amma gidan ya yi sanyi, ba hira, ba dariya, tana dafa abinci tana jin kamar bashi ake bin ta. Kuma sau da yawa hujjar da namijin yake kafawa ita ce iyayensa: tsohuwa tana so ta ga jika kafin ta mutu, ba zan saɓa mata ba. Da haka sai a ɗauki umarni na biyar a doki matar da Allah ya ce ka manne mata.

Wa'azinmu ma yana da nasa laifin. Idan aka tashi ta'azantar da marasa haihuwa, labaran da ake kawowa sanannu ne: Saratu, Rifkatu, Rahila, Hannatu, Alisabatu. Dukansu sun jira, dukansu sun haihu a ƙarshe. Labarai ne na gaskiya da nake ƙauna, amma idan aka tsaya a kan ƙarshensu kawai, abin da matar da ke zaune a benci take ji shi ne cewa da bangaskiyarta ta kai, da ta haihu. Sai ta koma gida da laifi biyu. Akwai abubuwa a cikin waɗannan labarai da ba a cika faɗa ba, kuma yawancinsu sun shafi maza ne. Littafin Farawa ya nuna Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ba a haifi tagwayensa ba sai yana da 60. Shekara 20 ke nan, kuma abin da aka rubuta ya yi shi ne ya roƙi Ubangiji domin matarsa. Bai kawo mata kishiya ba, bai kore ta ba. Elkana, mijin Hannatu, yana ba ta kaso na musamman a lokacin hadaya saboda yana ƙaunarta, yana rarrashinta idan ta ƙi cin abinci. Luka kuwa, kafin ya ce Zakariya da Alisabatu ba su da ɗa, sai da ya fara shaida cewa dukansu biyu masu adalci ne a gaban Allah. Ya rufe bakin duk mai cewa rashin haihuwa hukuncin zunubi ne.

Akwai kuma bayin Allah da ba su haihu ba sam. An umarci annabi Irmiya kada ya yi aure. Bulus bai bar ɗa na cikinsa ba, amma yana kiran Timoti ɗansa. A Ishaya sura 56 akwai alkawari ga waɗanda ba za su taɓa haihuwa ba, cewa Allah zai ba su suna a gidansa da ya fi na ƴaƴa. Ban taɓa jin an yi wa'azin wannan sura a sujadar miƙa jariri ba, ranar da marasa haihuwa suka fi bukatar jin ta. Alkur'ani ma, a Suratush Shura, ya bayyana cewa Allah yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani, ya bar wani babu, duk bisa saninsa da ikonsa. Littattafan da muke karantawa a garin nan ba su ɗora wa mace laifi ba. Mu ne muka ɗora.

Sai batun asibiti, wanda shi ne maza suka fi gudu. A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu bambanci mai yawa tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Abin da likitoci suke kira rashin haihuwa shi ne a yi wata 12 ana tare ba tare da wani tsari ba, ciki bai samu ba. Sun kuma daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai matsala a jikin namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. A ƙasashenmu babban abin da ke toshe hanyar ƙwan mace shi ne ciwon da ba a yi wa magani da kyau ba: ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, wanda sau da yawa miji ne yake kawo shi daga tafiya, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta. Shi ya sa za ka ga mace ta haihu sau ɗaya, daga nan shiru. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda ƙananan katantanwa suke zama, irin ruwan tafkuna da hanyoyin ban ruwa da yaranmu suke wanka a ciki a wajajen fadamun Konni. Mun saba ganin fitsarin jini a wajen yara har muna ɗaukarsa ba komai ba, alhali idan ta daɗe tana iya lalata hanyoyin haihuwa na mace da na namiji, maganinta kuwa ƙwaya ce mai sauƙi. Akwai hangum idan ya kama namiji bayan ya balaga ya sauka ƙasa. Akwai ƙari a mahaifa. Da yawa daga cikin waɗannan ana iya kare su ko a yi maganinsu idan an zo da wuri.

Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha a cikin duk gwaje-gwajen, ba allura, ba yanka, ana duba maniyyi ne a madubin likita. Amma sai a yi shekaru ana yawo da mace daga boka zuwa mai saiwa, daga mai saiwa zuwa wani mai wa'azin yawo da ya tsallako iyaka da kwalaben mai yana karɓar kuɗin akuya, ana ɗura mata abubuwan da ba a san me ke cikinsu ba, shi kuma maigidan bai taɓa taka ƙofar ɗakin gwaji ba saboda wai namiji ba ya juya. Ni na je. Aka duba mu duka biyu, aka sami abin da za a yi wa magani a jikina. Ina faɗin haka a jarida da gangan, domin na san akwai maza da yawa daga nan har Malbaza da suke zargin matansu a kan abin da yake jikinsu. Muna kan magani, likita bai yanke mana ƙauna ba, bai kuma yi mana alkawari ba. Hanyar haɗa ƙwai a waje a dasa a mahaifa, wadda aka fara samun jaririya ta farko da ita a Ingila a 1978, kuɗinta ya fi ƙarfin manomi da malamin makaranta irina, don haka abin da ke hannun talaka shi ne zuwa da wuri da kuma zuwa tare.

Ban manta da matan da suka yi ciki suka sha doguwar naƙuda, ɗan ya mutu, su kuma suka tashi da yoyon fitsari ba. Su ne suka fi kowa shan wulaƙanci, don sun rasa ɗa, sau da yawa su rasa miji. Akwai cibiyar da aka buɗe a Danja kusa da Maraɗi a 2012 domin yi musu aiki. Duk wanda yake da irin wannan ƴar'uwa a ɓoye a bayan gida, ya kai ta.

Da na sami sakamakon gwaji, na je na zauna da mahaifiyata, domin ita ma tana cikin masu aiko wa matata da magunguna. Na ce, "Inna, abin da kuke nema a jikin yarinyar nan, a jikina yake." Ta yi shiru mai tsawo. Ba ta yarda a ranar ba, ta ce likitoci ma mutane ne. Ban ja da ita ba. Na fahimci cewa tsoro ne yake damun ta, ba ƙiyayya ba. Matar da ta ga ƴaƴan maƙwabta suna mutuwa a El Buhari, ta riƙe nata da anza, ba abin mamaki ba ne ta so ta ga wannan ɗan ya yi rassa. Na ce mata burinta burina ne, amma ba zan iya yi mata alkawarin abin da yake hannun Allah ba. Abin da ke hannuna shi ne hatsinta da maganin hawan jininta da gyaran ɗakinta, da zuwa in zauna kusa da ita, kuma wannan ba zai yanke ba ko na haihu ko ban haihu ba. Daga baya magungunan suka daina zuwa. Yanzu idan wata ta taɓa matata da magana a taro, Inna ce take fara cewa a bar mata ƴarta. Ban saɓa mata ba, ban kuma sayar da matata don in faranta mata ba. Gaskiya na faɗa mata cikin ladabi, kuma ina ganin wannan ma yana cikin girmamawa.

Muna riƙon ƴar ƙanina da ya rasu. Riƙo tsohuwar al'adarmu ce, kuma tana cikin abubuwan da Bahaushe ya kamata ya yi alfahari da su, domin tun kafin a san gidan marayu, gwaggo da kaka da kawu suna ɗaukar yaro su raine shi, sunan ubansa yana nan, danginsa suna nan. A Littafi ma Mordekai ne ya riƙi Esta da iyayenta suka mutu, Yusufu kafinta kuma ya raini Yesu. Sai dai mun ɓata wannan al'ada a gidaje da yawa. Ƴar riƙo ita ce mai talla, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce ake cirewa daga makaranta idan kuɗi ya gaza, ita ake yi wa aure da wuri don a rage baki. Wanda yake roƙon Allah ɗa alhali yana wulaƙanta wanda aka riga aka danƙa masa, ya sake duba addu'arsa. Yarinyar nan tana kiran matata Mama, tana zuwa makaranta, kuma ba mu ɗauke ta a matsayin abin rage zafi kafin namu ya zo ba. Idan Allah ya ba mu na cikinmu, ita ce babbar yaya.

Ban daina fata ba. Ina so in ji kukan jariri a ɗakina, ina so in yanka rago in kira dangi, Musulmi da Kirista, su ci. Ina so mahaifina, wanda yanzu shi ake riƙe wa sanda, ya ɗora hannu a kan ɗana. Babu kunya a cikin wannan buri, kuma ba na yarda da masu cewa mai bangaskiya na gaske ba ya damuwa. Hannatu ta yi kuka a ɗakin Ubangiji har firist Eli ya zaci ta bugu. Abin da na ƙi shi ne a mai da burin nan sanda.

Ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya, daga Konni zuwa Galmi har Tawa, idan za a yi addu'a domin haihuwa kada a fito da mace ita kaɗai gaban jama'a, a kira mijin ya tsaya kusa da ita, ko a yi musu a gida. Yadda ake tura masu shirin aure gwajin jini, haka a riƙa gaya wa ango tun kafin biki cewa idan shekara ta wuce babu ciki, su biyun za su je asibiti. Zumuntar mata su sa ido a kan irin wasan da ake yi a gidan suna. Surukai mata kuma, Allah ya ja kwananku, ku tuna cewa yarinyar da ke ɗakin ɗanku ita ma ƴar wasu ce da suka sha wahala a kanta. Ku kuma ƴan'uwana maza, wanda aurensa ya wuce shekara babu labari ya kama hannun matarsa su je gwaji tare, shi ya fara shiga. Wanda iyayensa suke da rai kuma, kada ya jira ranar suna kafin ya nuna musu godiya. Ya je ya duba rumbunsu da rufin ɗakinsu tun damina ba ta faɗi ba.